Garwashin da Na Rufe da Ƙaiƙayi

Da sunan Allah. Ni Juwairiyya Tasi'u ina cikin hankalina, ba zafin ciwo ne ke sa ni magana ba, kuma ba daga wani littafi na kwafo wannan ba. Ni na ƙona rumbunan Baba. Ba Baba Mati ba ne. Shekara uku ke nan ban faɗa wa kowa ba, ko kaina ma ban yarda na faɗa wa ba sai ranar Larabar nan.

Hafsatu da Khaulat, ku nake rubuta wa. Ƙannena ne ku, amma a bayana kuka yi wayo, don haka ba ni da 'ya'yan da zan bar wa wasiyya sai ku. Ranar Litinin za a kai ni birni a yi min aikin ƙugun nan da sikila ta cinye. Likita ya ce ana tashi lafiya. To, amma rai ba a hannun likita yake ba.

Na ɗaya, ku san yadda abin ya faru. Ran nan da hantsi ashana ta ƙare, Inna ta aike ni gidan Goggo in ɗebo wuta a kasko. Da zan dawo na ratse bayan rumbu, inda aka tara ƙaiƙayin sussuka, don in karanta shafi biyu na littafin da na soke a zanina. Ina son in ga ko yarinyar za ta amsa wasiƙar saurayin. Ƙafata ta taɓa kaskon da na ajiye a ƙasa, garwashi biyu suka faɗo. Na taka su da silifas, na jawo ƙaiƙayi na rufe don kar a ga baƙin, na shige gida. Wuta ba ta tashi ba sai bayan la'asar. Da wannan nake kare kaina kullum: ni da hantsi na wuce, wuta da la'asar ta zo, ina haɗina da ita?

Ranar Laraba makaranta ta kai mu ofishin 'yan kwana-kwana a birni. Suna da wani ɗaki da suke ajiye kayan da: tsohuwar jar mota mai ƙararrawa, famfon da ƙarti ke bugawa da hannu, huluna masu nauyi kamar tukunya, da hotunan gobara a bango. Wani dattijo, Malam Kamaruddeen, wanda ya yi shekara talatin yana aikin, shi ya zagaya da mu. Ya ba mu labarin yadda kafin zuwan motoci ake jeruwa daga rijiya ana miƙa tulu hannu da hannu, ana sauke jinkar maƙwabta don wuta ta rasa abin ci. Ni hankalina yana kan hulunan, ina raya wane irin saurayi ne ya taɓa sa su. Sai ya tsaya gaban hoton wasu rumbuna da suka zama toka, ya ce wutar ƙauye da ta fi ba su wahala ita ce mai kwanciya. Garwashi in ya shiga ƙaiƙayi ko dusa, sai ya yi ta ci ta ƙasa, ba harshe ba hayakin kirki, ya yi wuni guda kafin iska ta tashe shi.

Wuni guda. Ban san lokacin da na zauna a matakalar motar nan ba. Malama ta ɗauka ciwona ne ya motsa, ta sa aka yi ta min fifita.

Na biyu, kuma shi ne babba. Ku wanke Baba Mati. An ce guntun tabarsa ne ya ta da wutar, ya rantse ya daina sha tun azumi, Baba ya ce masa maƙaryaci a gaban mutane. Ina tsaye a bakin zaure na ji. Daga nan Baba Mati ya ja katanga, ya fasa ƙofarsa ta gabas, ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya ya koma sai dai a gaisa a masallaci. Duk da haka duk sanda na kwanta ciwo sai ya aiko min da zuma. Na sha zumar nan shekara uku. Ku je ku durƙusa ku ce Juwairiyya na neman gafara. In bai yafe ba, kada ku ga laifinsa.

Na uku, kayana. Ba su kai a kira malami ya raba ba. Akuyata da 'ya'yanta biyu a kora su gidan Baba Mati. Hafsatu, ɗauki hijabina ruwan toka da madubin. Khaulat, kazar nan mai wake-wake taki ce, ki daina jifan ta. Littattafai goma sha huɗu suna ƙasan buhun tsumma, uku na Maimunat ne 'yar ajinmu, ku mayar mata. Sauran ban ce ku ƙona ba, ba su suka zubar da garwashi ba. Amma in an aike ku, ku isar da aiken tukuna.

Na huɗu, in wuta ta faɗi, ƙasa ake zuba mata ko ruwa. Kada ku rufe ta da abin da ke kusa don tsoron faɗa. Faɗan Inna na minti biyar na guje wa, gidanmu ya ci geron saye shekara guda.

Allah Ya raya min ku, Ya ba ku lafiyar da ban samu ba. Ku riƙe 'ya'yan Baba Mati, ku ci a kwano ɗaya da su ko manya ba su shirya ba. Gida ɗaya ne.

Da niyyata in sa takardar nan a ƙasan akwati, sai in ban dawo ba ku gani. Amma in na dawo fa? Na san halina, yaga ta zan yi. Baba yana zaure yanzu yana gyaran fartanya. Zan kai masa da hannuna, in ya ce in karanta masa, zan karanta.