Ragon Manzo a Fadar Adarawa

Lahadi, 3 ga Oktoba 1999

Yau ranar kasuwa, amma Tawa ba ta da zance sai na akwatin Mushe Attaher. Malamin makarantar lakwal ɗin nan da ya gaji da jiran albashi ya tafi Yamai. To ya dawo da ordinata, wato kwamfuta, ya aje ta cikin shagon da ke jikin nawa. Wai an buɗe wata fada a cikinta, sunanta Fadar Adarawa. Ba tabarma, ba shayi. Ka faɗi maganarka shi rubuta, ta bi wayar talho, duk ɗan Adar da ke Abijan ko Lome ko Faransa shi gani shi maido maka amsa.

Gari ya ɗauka. Wani ya ce albasa za ta saidu tun tana cikin ƙasa. Wani ya leƙo shagona ya ce, "Arzika, kaset ya mutu, nemi wata sana'a." Wato ni da ke ɗaukar muryar tsofaffi ana kai ma 'ya'yansu ci-rani. Na ce to, madalla. Dimokuraɗiyya ma da ta zo cewa anka yi rijiyoyi za su cika da kansu. Sabon takalmi ne, sai an yi tafiya da shi a san inda yake cizo.

Litinin, 4 ga Oktoba

Baba Rissa mai raƙuma ya zo daga Afala don shi ga abin da idonshi. Na tare shi bakin ƙofa na ce, "Baba, ba a shiga wurinta da takalmi. Kuma sai ka ɗaga murya wajen sallama, kunnenta ɗaya ne." Ya tuɓe takalmi, ya gyara rawani, ya buga sallama awa mai kiran raƙumi daga tudu. Na bayanshi sunka bi. Kafin la'asar takalma sun jeru bakin shago sai ka ce masallaci.

Mushe ya ce, "Arzika, Allah shi shirye ka." Na ce amin, amma ba yau ba.

Laraba, 6 ga Oktoba

Kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki. Fada ta watse.

Jumma'a, 8 ga Oktoba

Gwaggo Hawa ta zo shagona da ƙwaryar fura. Gwaggo ba ta kawo fura banza.

Ta zauna tana kallon rediyoyin da nike gyara. Ta tambayi lafiyar Baba, mahaifina, alhali gida ɗaya sunka kwana. Can ta ce, "Wanga abu na maƙwabcinka, wai har Abijan yana kaiwa?" Na ce haka sunka ce. Ta ce, "Uhm." Ta gyara mayafi. "To ko za a tambaya ko an ga wancan."

Wancan. Manzo ke nan, ɗanta na fari, taubashina. Tun da nike ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba, kunyar ɗan fari. Shekara biyu da wata uku rabon da a ji ɗuriyarshi. Kaset uku na ɗaukar mata. A kowane sai ta gaida mai masauki, ta gaida 'yan garin Barmu, ta gaida har wanda bai san ta ba, can ƙarshe ta ce "da sauran yara." Ba wanda ya dawo da amsa.

Na so in ja ta da wasa, in ce wane wancan, Gwaggo, wancan da yawa. Sai na ga wuyan hannunta. Awarwaron da ke kama ta da, yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Na haɗiye.

Na ce mata kada ta sa rai da yawa, abin sabo ne, ko wata bai yi ba. Ta ce, "Wa ya ce maka na sa rai? Sha furarka."

Asabar, 9 ga Oktoba

Mun sa cigiya. Mushe ya tsara ta da kyau awa sanarwar rediyo: ana neman labarin Manzo, ɗan Hawa ta unguwarmu, duk wanda ya gan shi don Allah shi sanar. Akwatin ya yi ta kuka ƙiii-ƙurrr kafin layi shi kama. Na ce ma Mushe akuyar Gwaggo ma haka take in za ta haihu.

Na tambaye shi, 'yan ci-ranin da ba su san boko ba awa ni, ta yaya za su gani? Ya ce akwai wani ɗalibi ɗan garin Kalfu a can Abijan, Abdurazak. Yana fiddo zantukan a takarda, ran Jumma'a bayan masallaci shi karanta ma Adarawa inda suke taruwa. Na ce ashe dai sai da tabarma.

Jumma'a, 15 ga Oktoba

Shiru.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Zaɓe. Na dangwala, yatsa ya yi baƙi. Cikin akwatin Mushe kuwa mutum goma sha ɗaya ne kacal ke magana, bakwai faɗan jam'iyya suke. Ɗaya daga Faransa kullum tambaya yake ko an yi ruwa bana. Albasa tana nan inda take. Masu cewa kaset ya mutu, biyu sun zo jiya na ɗaukar masu murya. Na dai tambaye su ko sun zo ta'aziyya ne.

Jumma'a, 22 ga Oktoba

Shiru kuma. Gwaggo ta wuce ta ƙofar shago sau biyu, wai gidan masu daddawa za ta. Gidan masu daddawa ba ta nan yake ba.

Talata, 26 ga Oktoba

Yau na yi abin da na yi.

Zaune nike wajen Mushe muna shan shayi, ya ce in faɗi wani abu mana a fada, ni da bakina bai rufuwa. Zuciyata cike take da Manzo. In ya mutu ai da mun ji, Adarawa ba su ɓoye gawa. In yana raye, to don mi? Na ce ma Mushe rubuta:

"Daga Arzika na Tawa. Ku bar wahalar neman Manzo. Tun ran da ragon layya ya kore shi ya haye rumbu yana ihu a zo a cece shi, bai tsaya da gudu ba. Ga alama ya wuce Abijan ya faɗa teku. In kun gan shi ku ce mashi ragon an yanka shi tuni, yana iya dawowa."

Mushe ya ɗaga hannu daga kan maɓallan. Ya ce, "Ka san wannan ba kaset ba ne? Ba kunnen mutum ɗaya za ta ba. A gaban jama'a za a karanta." Na ce ai shi nike so. Taubashi ne, wa zai hana ni? Ya yi dariya har ya ƙware, ya aika.

Gaskiyar magana shekarar Manzo goma sha biyu sa'ad da abin ya faru. Kuma tun daga ranar, duk inda na tada zancen sai shi yi tsalle shi ce ba rago ba ne, bijimi ne. Ko a tsakiyar cin tuwo.

Laraba, 27 ga Oktoba

Magana ta riga ni gida. Baba ya kira ni zaure. "Uwa na kwana da ciwo, kai kana wasa da sunan ɗanta a duniya? In kuma ya rasu fa, ɗan banza?"

Wannan "in ya rasu" ita nike ta juyawa. Ban yi tunaninta ba sosai. Ko na yi, na ture.

Na koma wajen Mushe na ce a janye. Ya ce ta riga ta tafi, har na Faransa ya amsa da dariya. Kaset ko banza kana iya gogewa.

Gwaggo ta wuce ni a tsakar gida. Ba fura kuma.

Jumma'a, 29 ga Oktoba

Yau ake karantawa can. Na gyara rediyo ɗaya sau uku, ashe pil ne, wato batir, babu ciki.

Asabar, 30 ga Oktoba

Layi bai kama ba. Akuya ta yi ta kuka, ba ta haihu ba.

Litinin, 1 ga Nuwamba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Da gaggawa nike rubutu, ajamin nan ko ni da ƙyar zan karanta shi gobe.

Da hantsi na ji Mushe na buga bangon da ke tsakaninmu. "Arzika! Kai Arzika!" Na ruga. Ya nuna gilashin da yatsa, ni ko ban ga komai ba sai tururuwar boko. Na ce karanta, bawan Allah!

"Daga Manzo. A faɗa ma Arzika maƙaryaci ne tun yana goye. Ba rago ba ne, bijimi ne, ƙahonshi ya kai kamu guda. Kuma shi da ke magana, cikin randa ya ɓuya."

Na zauna ƙasa. Na ce sake. Ya sake. Na ce sake. Maganar randa gaskiya ce, kuma ba wanda ya sani sai ni da shi.

Abdurazak ya ƙara bayani a ƙasa. Wai duk ran da anka karanta cigiya Manzo na nan zaune a baya, ya roƙi kowa a yi shiru. Kayan da yake saidawa sun ƙone tun bara waccan, yanzu amalanke yake turawa, kunya ta hana shi aiko murya hannu wofi. Amma da anka karanta zancen rago, wuri ya kece da dariya, sai ganin shi sunka yi tsaye yana rantsuwa bijimi ne. Ya kama rigar Abdurazak ya ce sai an rubuta yanzu-yanzu.

Kaset uku na roƙo bai motsa ba. Ɗan banza. Ɗan banzan taubashina, yana raye!

Na sa Mushe ya fiddo takardar na ruga gida. Gwaggo na tankaɗe. Na tsaya kanta na faɗa mata daga ka, don na hardace. Ba ta ɗago ba. Rariya dai ta tsaya a hannunta. Sannan ta ce, "Rago ne. Ko ƙaho bai gama fiddawa ba. Ina wurin."

Ta karɓi takardar da ba ta iya karantawa, ta ninke ta huɗu, ta ƙulle a bakin zane. Ta shiga ɗaki. Mun ji guɗa daga ciki, gajera, sau ɗaya, awa wadda ta kuɓuce.

Baba ya dube ni ya ce, "Har yanzu ɗan banza ne kai." Amma ya miƙo mani goro.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Fura ta dawo, har da nono mai kauri. Gwaggo ta zo da kanta wajen Mushe. Ta ce a rubuta, "A ce ma wancan ba dukiya anka aike shi nema da ranshi ba. Rumbun yana nan, in wani abu ya koro shi." Mushe ya ce, "Inna, kowa zai ji fa." Ta ce, "To na kama sunan wani ne?"

Yanzu gari ya sake ɗauka. Wai akwatin na gano ɓatattu. Wata ta zo a nemo mata jaki. Ina ta ce masu ku bi a hankali, mutum ɗaya ya samo, shi ma sai da anka zage shi.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Ban ce na yarda da ordinatar ba. Jiya ma wuni ta yi ba layi. Mutum goma sha huɗu ne yanzu, faɗan jam'iyya bai ragu ba. A bari ta ga damina ɗaya tukuna.

Na dai sa Mushe ya nuna mani inda harafin farkon sunan Manzo yake. Mai ƙafa uku ne, awa murhu. Don kawai in san in ya yi magana, ba wai ina koyon boko ba.

Da safen nan Mushe ya tafi sayen sukari ya bar mani shagon. Sai da na zauna gabanta na lura takalmana na bakin ƙofa. Sallamar ma ban ɗaga murya ba.

Ba wanda ya gani.