Bindigar Roba Mai Baƙin Fenti

Kafanchan, 4 ga Oktoba

Salihu abokina,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Hafsat da yara, yaya masara? Tun da aka yanke muku netwok a Kujama na koma rubuta wasiƙa kamar kakana. Azariya direba zai kawo maka.

Ka tuna injin gem ɗin bayan tashar jirgi, wanda muke gudu daga makaranta mu jefa masa kwandala, mu riƙe bindigar roba mu yi ta harbin 'yan fashi a gilashi? Na samo shi! An mayar da shi na gida: akwati, faifai da bindiga ɗaya mai waya. Bindigar ba ta aiki da filasma, sai tsohuwar talabijin mai ƙeya, don haka na kwaso ta Mama daga ɗakin kaji. Komai yana nan, har mutumin nan mai farar riga da yake faɗowa tsakiyar harbi hannu a sama, wanda in ka harbe shi a cire maka rai ɗaya. Kai ba ka taɓa harbinsa ba. Ni kuwa kullum sai na zubar da shi, kana zagina da Fillanci.

Gem ɗin na mutum biyu ne. Azariya ya ce ka tsinci bindiga ta biyu a kasuwar Panteka, amma kalarta ruwan lemo ce. Don Allah ka shafa mata baƙin fenti ta yi daidai da tawa. Mu da furfura ta fara fito mana ba za mu riƙe kayan yara ba. Ina jiranka Asabar, matata Stella za ta yi gwaten acca.

Naka har kullum,
Meshak

Asibiti, Kafanchan, 12 ga Oktoba

Baban Stella ƙarama,

Bayan gaisuwa. Ni ce Hafsat, matar Salihu. Na ba Faustina nas wannan takarda saboda cocinku ɗaya. Ba zan taka gidanku ba, za ka ga dalili.

Abokinka ya taho a babur ranar Asabar kamar yadda ka ce. Kafin Kagoma 'yan sintirin wani ƙauye suka ja igiya a titi, suka zazzage jakarsa, bindigar ta faɗo. Wani ya yi ihu an kama Bafillace da makami. Salihu ya ɗaga hannu biyu yana cewa roba ce, su taɓa su ji. A kan hannun da ya ɗaga adda ta sauka. Yatsu uku na dama sun tafi. Sun karya masa muƙamuƙi da gora, sun ƙone babur, sun rataya masa taya ana neman ashana sojoji suka iso.

Yanzu yana kwance da ankwa a ƙafa. 'Yan sanda sun yarda roba ce, amma sun ce da irinta ake tare hanya, in ba haka ba me ya sa aka yi mata fenti? Jibi za a kai maganar kotu. An ɗaure masa baki da waya, ba ya magana, sai rubutu da hagu. Sun tambaye shi wa ya sa shi fentin, ya ture takardar. Da ya rage ni kaɗai ya rubuta suna ɗaya, na mai addar: Boaz, yayanka, wanda ya sha nono a rugarmu.

Ni ban san gem ba. Na san mijina ya kwana biyu yana shafa fentin nan yana dariya. Ka zo ka fitar da shi.

Hafsat

Kafanchan, 15 ga Oktoba

Maman Adama,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa. Na zo har ƙofar ɗakinsa a asibiti, na hango hannunsa a naɗe, na juya ban shiga ba.

Jiya da sassafe, kafin a kai maganar kotu, na je ofishin 'yan sanda. Na ce ni na sa a yi fentin, na rubuta na sa hannu. Oga ya ce in nuna aikin bindigar. Na kawo akwatin gem ɗin, na gyara wayar da aka tsinke, suka jona a filasmarsu, na harba, shiru. Suka fashe da dariya, wani ya kwaɗa mini mari ya ce ni ma a rufe ni. Na roƙa aka bar ni na koma gida, na ɗauro talabijin ɗin Mama a baya da zanen Stella. Da jinin Salihu a jikin robar Oga ya karɓa ya yi ta harbi, sai da ya cinye mataki biyu. Yau za a cire ankwar.

Sauran maganar ita ce ta hana ni shiga. Boaz yana zaune a ƙauyen matarsa, inda aka tare Salihu. Mako ɗaya kafin Asabar ɗin mahara sun shigo musu, sun binne mutum bakwai, har da ɗansa. Ya ce bai gane fuskar Salihu ba. Ƙarya yake, na gani a idonsa. Mama ta durƙusa mini a tsakar gida, ta riƙe ƙafata. Da Oga ya tambaya ko na san waɗanda suka sare shi, na ce ban sani ba.

Kunya ta ishe ni. Ku yi mini gafara in za ku iya.

Meshak

Kujama, 2 ga Nuwamba

Meshak,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, hagu ce.

Na gode da talabijin. Fentin kuma kada ya dame ka, da hannuna na shafa. Bindigar tana wurinka, ka riƙe ta, yatsan da ke jan kunamar ba ya nan.

Ni ma ban faɗa musu sunan ba. Amma ka zaunar da Boaz ka kunna masa gem ɗin, ka jira mai farar riga ya fito. In ya harbe shi, ka nuna masa abin da ake cirewa. Ka gaya masa haka na ɗaga nawa hannun, kuma na kira shi da sunansa sau biyu.

Ka gai da Mama.

Salihu