Akwatin Kartarka, Baba

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma in ban rubuta ba abin zai ci gaba da cina.

Gida lafiya. Mama ta fita takaba. Shagonka na Kasuwar Kwastam ƙanenka, Baffa Kyari, ya zuba atamfa a ciki.

Maganar akwatinka ce. Shekara ashirin kana tara tsofaffin karta a wurin direbobi. Ka tuna yadda kake kirana in zo in gani? Ga kartar Faransa da ta shigo ta Chadi, ga ta Italiya mai kofuna da takubba da fatake suka keto sahara da ita daga Tarabulus, ga ta Ingila da ta sauka a Legas ta hau jirgin ƙasa. Ni kuwa sai in turo baki in fice, don a makaranta 'yar ɗan caca ake ce mini. Sau nawa na wuce shagonka da ƙawayena na kau da kai?

Ranar sadakar uku Baffa ya ce a ƙona su, ko ka samu sauƙi a kabari. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na ɗauko ashana, Baba, da hannuna.

Ranar bakwai sai ga wani tsohon direba daga Kusseri, Malam Modu, ya kawo maka wani kwalin karta da ya ce ka daɗe kana nema. Bai ji rasuwarka ba. Da na gaya masa abin da muka yi, sai ya yi salati. Ya rantse ko wasan ba ka iya ba. Wai sau ɗaya suka matsa maka ka zauna a tasha, sai ka riƙe kartar fuskarta na kallon mutane, kana nuna musu kyan zanen sarkin. Dariya suka yi ta yi, suka sallame ka.

Wayyo Allah! Ashe hanyoyin da suka biyo kake so, kai da ko Kano ba ka taɓa zuwa ba.

Na kai wa Baffa maganar, ya ce to me ya hana ka faɗa? Duk zamanmu gida ɗaya, ni ma ban taɓa tambayarka ba.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka.

'Yarka,
Yagana