Maigidana Ya Ƙi Ƙarfen Da Ake Haskawa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Maigidana mai fentin mota ne. Bara ya karye a cinya aka sa masa ƙarfe, sai wurin ya kama ruwa, ga wari, har yaranmu sun daina zama kusa da shi. Yanzu likita ya ce dole a cire a sa wani, in ba haka ba cutar za ta ci ƙashi, ƙila a rasa ƙafar. Ya ce akwai sabon ƙarfe da suke gwadawa, an shafe shi da wani sinadari, in aka haska masa wata fitila sai ya kashe ƙwayoyin cuta. Ni har na fara murna. Shi kuwa gogan ya kafe. Wai bai taɓa ganin fentin da bai ɓare ba, in ya ɓare a cikin naman mutum wa zai kankare? Tun ranar ya ƙi komawa asibiti. Yana nan kwance a falo da zazzaɓi, ya lulluɓe ƙafar da zane, in na yi magana ya ce na ƙosa a yanka shi. Wallahi ko abinci ba ya shiga min. In kira yayansa a ɗauke shi da ƙarfi?

Matar mai fenti

'Yar'uwa, sannu da jinya. Tambayar maigidanki ba shirme ba ce. Irin wannan shafi har yanzu bincike ake yi a kansa, kuma yana da ikon ya ce ba ya so. Amma kun cakuɗa abu biyu. Zaɓen ƙarfe zai iya jiran shawara, zazzaɓi da ciwo mai ruwa ba sa jira.

Ki daina yi masa tallan sabon ƙarfen. Ki ce ya je ya titsiye likita da bakinsa: in shafin ya ɓare fa? Ta yaya hasken zai kai ciki? In bai gamsu ba, ya nemi a sa masa wanda aka saba da shi. Yayansa kuwa ya zo rakiya, ba kamu ba.

Ni dai ina ganin ba fenti ne ya hana shi tashi ba. An taɓa yi masa aiki aka ce an gama, ga inda ya tsinci kansa. Ki zauna kusa da ƙafar nan da kowa ke gudu, ki faɗa masa ke ma tsoro kike ji, sannan ku tafi yau. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya dawo miki gida da ƙafarsa.