Mayafin da Inna Ta Lulluɓa wa Injina

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nemanka. Mu nan kowa lafiya lau. Auta ta warware sarai, jaririyarta kuwa sai tsotso da barci, ta ɗebo hancinka kamar an tsaga kara.

Ka san dab da haihuwar likita ya ba Inna maganin maƙoƙonta, wato aidin mai radiyeshin, ƙarfin nan marar ganuwa da ke iya cutar da na kusa, ya ce kada ta kusanci jariri sai abin ya ragu a jikinta. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai. Sabuwar jikarta tana kuka a ɗakin gaba, ita tana leƙe ta taga tana share hawaye da gefen zane. Tausayinta ya hana ni sakat. Da yake gwajin iska shi ne aikina a asibiti, sai na nemi izinin shugabanmu na kawo injin gida na kafa a ɗakinta.

Injin zuƙar iska yake yi. Aidin da ke fita a numfashi ba iri ɗaya ba ne, wani yakan manne wa ƙura sai takardar tacewa ta kama shi, wani tururi ne zalla, wani kuma ya haɗu da wasu sinadarai ya zama ɗan zamewa, sai gawayi na musamman da ke can ciki ke riƙe shi. Da na yi wa Inna bayani, cewa ta yi ashe duk karatun nan nawa a gawayi ya ƙare, ai da na yi magana da ta ɗebo min na murhunta.

Gwajin farko ya fito babu ko ɗigo. Har na fara murna, sai na ga takardar fara sol, ko ƙura babu, alhali ɗakin Inna a bakin titi yake. Ashe da na juya baya ta ɗauko sabon mayafinta ta lulluɓe injin ruf, har da cusa gefe, kamar yadda take yi wa keken ɗinkinta. Wai kayan asibiti ne, kada ƙura ta ɓata shi a yi min faɗa a wurin aiki. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ita kuwa ta ɗaure fuska ta ce alheri ya zama laifi.

Muka sake gwajin, ta zauna ta harɗe hannu tana harararsa. Mahaƙurci mawadaci. Ɗan abin da gawayin ya kama bai kai a damu ba, likita ya auna wuyanta shi ma ya ce ta je ta ɗauki abarta. Yaya, da ka ga Inna ranar! Ta karɓi yarinyar, ta naɗe ta da mayafin nan da aka wanke tas, ta dube ni ta ce wannan dai ba mai hana ta lulluɓewa.

Ka gaida Anti da yara, da Kawu mai gyaran agogo. Inna da Auta da Goggo suna gaishe ku da kyau.

Ƙanwarka mai kewarka,
Mai Injin Iska