Ƙarin Ruwan Alhaji Ɗangoggo

Gudu, Abuja
3 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Baba, ina fata kana lafiya. Yaya ƙafar taka? Yaya Inna da mutanen gida?

Ka tambayi labarin ɗan asibitin nawa. Gaskiya na gaji. Wata goma sha ɗaya ke nan da na ajiye aikin gwamnati, har yau ban ɗauki sisi na ce nawa ba ne. Man janareta ke cinye rabin abin da ya shigo, don firjin rigakafi ba ruwansa da an ɗauke wuta. Rosemary, nas ɗina guda tilo, tana bina albashin wata biyu. Mai gida kuma yana son hayar shekara a dunƙule kafin wata ya ƙare, ko in kwashe kayana.

Abin da ke ƙona mini rai, mutanenmu ba su ɗauki duba mutum a bakin aiki ba. In na yi rabin awa da mutum, na ce ya rage gishiri ya samu barci, sai ya ce ai hira muka yi, kuɗin me zai biya? Jiya wani dillalin shanu daga Dei-Dei, Alhaji Ɗangoggo, ya zo da gajiya kawai, wai in yi masa ƙarin ruwa. Na ce ba ya buƙata. Ina kallo ya tsallaka kemis ɗin da ke gabanmu, aka rataya masa, ya biya dubu ashirin har da godiya.

Shekara talatin ka yi kana malamin asibiti, kai ka koya mini ba a huda lafiyayyen mutum. Amma ba ka gaya mini wa ke biyan haya ba.

A gaida kowa.
'Yarka,
Mashkura

5 ga Afrilu

Baba,

Assalamu alaikum. Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ga saƙonka na addu'a.

Alhajin ya dawo, a makon da Rosemary ta ce za ta tafi. Na rataya masa ruwan, har na zuba maganin ƙarin kuzari ya koma rawaya yadda suke so. Da ya tashi ya ce yanzu na zama likita. Ya turo mini abokan kasuwarsa bakwai.

Na biya Rosemary, na ba mai gida rabi ya ɗaga mini ƙafa. Kowa ya huta sai ni, haushin kaina nake ji.

Ka ce ranar Asabar za ka zo ka sa wa wurin albarka. Don Allah ka dakata tukuna. Gadaje ukun da ke asibitin kullum a cike suke da masu ƙarin ruwa, kuma babu marar lafiya ko ɗaya a kansu.

Ka yafe mini.
'Yarka,
Mashkura