Walƙiya Ta Daina Gudu

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ban san ta inda zan fara ba, sai ki yi haƙuri da duk yadda maganar ta zo.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a ƙofar gida. Ƙanwata, wadda take bi na, tana da yara biyu. Babbar mace ce 'yar shekara shida, muna ce mata Walƙiya saboda tun da ta miƙe ba ta san tafiya ba sai gudu. Ƙaramin namiji ne, bai cika uku ba, muna ce masa Ɗan Tsako don ƙanƙantarsa. Da ciwon zuciya aka haife shi. Idan ya yi kuka ko ya ɗan yi wasa sai numfashi ya gagare shi, ya tsuguna ya dafe gwiwa, leɓensa da farcensa su yi shuɗi-shuɗi. Likitoci sun ce sai an yi masa aiki, amma sai ya ƙara nauyi, shi kuwa nauyin ya ƙi zuwa. Yau suna gida, gobe suna asibiti. Mijin ƙanwar tawa direban babbar mota ne, in ya zauna ba abinci, in ya tafi ba mataimaki.

Da na ga ƙanwata tana neman zarewa, sai na ce ta ba ni Walƙiya ta zauna a wurina har a yi aikin. Mun ɗauka abin 'yan makonni ne, ga shi an kusa shekara. Ba na gori, Allah ya sani. Ni ke kai ta makaranta, ni ke wanka da wanki, in an kwantar da yaron ni ke dafawa in kai asibiti, in dawo in hau keken ɗinki. Ɗinkin mutane ya taru har wasu sun kwashe yadinsu sun kai gaba. Maigidana ba ya cewa komai, amma shirun nasa ma magana ce. Bayana kuwa, in na sunkuya sai na yi shawara da shi kafin in miƙe.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya sa na rubuto miki daban ne.

Da farkon zuwanta Walƙiya ta hana ni sakat. Ta tunkuɗe gwangwanin maɓallai, ta harɗe zare, ta shiga ƙarƙashin teburin yanka ta fito ta ɗaya gefen, bakina har ya gaji da cewa ta tsaya. Kullum kuma tambayarta ɗaya ce, yaushe za ta koma gida. Ni kuma in ce mata Mama tana fama da mara lafiya, ke da kike da lafiya ki zauna nan ki gode wa Allah. Sannu a hankali ta daina tambaya, ta kuma daina gudun. Na ce alhamdu lillahi, yarinya ta yi hankali. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Kwanakin baya sai na lura shuɗin allin da nake zana yadi da shi yana ɓacewa. Na ɗauka mantuwa ce irin ta mai gajiya. Ranar nan muna dawowa daga makaranta, sai yarinyar nan ta tsuguna a bakin hanya ta dafe gwiwa tana haki. Na duba bakinta na ga shuɗi. Na ce shi ke nan, ita ma ta kamu. Na sungume ta ina salati ina neman abin hawa, sai na ji ɗanko a kafaɗata. Na shafa, alli ne. Na buɗe hannunta, ga guntun nan ta damƙe, har farce ta bi ta shafe ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaga hannu zan make ta, sai ta kalle ni ta ce, “Inna, in bakina ya yi shuɗi sosai za a mayar da ni wurin Mama?”

Hannun bai sauka ba. Na goge mata baki da gefen mayafina muka shiga gida, na rufe shago na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka gaya mana ciwon yaron.

Tun daga nan na ɓoye allin, amma tsugunon bai ƙare ba, malamarsu ta ce har a aji tana yi. Abinci ma sai ta tsakura ta ture, wai ita ma tana so ta ƙi yin nauyi. Ban gaya wa ƙanwata ba. Matar da ta rame har zobenta ke zamewa, wadda in na ce mata sannu sai ta ce, “Yaya, ba don ke ba da na haukace,” da wane baki zan ce mata 'yarki ma tana neman ciwo? In mayar da yarinyar, na ɗora wa uwar kaya kan kaya. In riƙe ta, ina kallo tana lalacewa a hannuna. Wani lokacin har haushin kowa nake ji, har da yaron da bai san komai ba, sai in yi istigfari. Na gaji, Anti. Me zan yi?

Taki,
Inna mai keken ɗinki


'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Kafin komai, haushin nan da kike ji kada ya dame ki. Gajiya ce, ba mugunta ba, duk wanda ya yi jinya mai tsawo ya san shi. Kuma kin yi daidai da ba ki sauke hannun nan a kanta ba.

Walƙiya ba ƙarya take yi ba, lissafi ta yi. An ce mata mara lafiya yana tare da Mama, mai lafiya yana wurin Inna, sai ta nemi hanyar komawa da abin da ta samu a shagonki. Ba laifinki ba ne, kusan kowannenmu haka zai faɗa. Amma kalmar tana bukatar gyara, kuma ba ke kaɗai za ki gyara ta ba. Sai ta ji daga bakin uwarta cewa ba a bayar da ita ba, kuma ba sai ta yi ciwo za a so ta ba.

Saboda haka ki gaya wa ƙanwarki. Na fahimci tausayinki, kuma gaskiya ne kanta ya ɗau zafi. Sai dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. 'Yarta ce. Ranar da ta ji daga bakin malamar makaranta, ciwon zai fi wannan, kuma za ta tambaye ki dalilin ɓoyewa. Ki zaɓi ranar da yaron ya ɗan samu sauƙi, ki zauna da ita, ki zo da maganar tare da mafita a hannu.

Mafitar kuwa ita ce ku canza kayan da kike ɗauka. Kin ɗauke mata abin da ba wanda zai iya riƙe mata, kin bar mata abin da wasu za su iya. Ki roƙi nas ta koya miki yadda ake ba Ɗan Tsako magani, da yadda ake riƙe shi in numfashi ya tsananta, da alamar da in an gani sai a ruga asibiti. Sannan a ware rana a mako, ke ki zauna da shi, uwa ta ɗauki 'yarta ta yi mata kitso, ta ci abinci da ita a kwano ɗaya. Duk lokacin da suke gida ba a asibiti ba, Walƙiya ta kwana a gidansu ko da ƙarshen mako ne. A gaya mata ranar tun da wuri, kuma kada a saɓa sai da dalili mai ƙarfi. Uban ma in yana kan hanya ya kira ya ce ita yake nema, ba jikin ƙaninta kawai zai tambaya ba.

Ku kai ta likita ya duba ta sau ɗaya, saboda rashin cin abincin da kuma kwanciyar hankalinku. In ya ce lafiya lau, a faɗa a gabanta da murna, uwarta ta rungume ta a wurin. In ta sake tsugunawa kada ki yi faɗa, kada kuma ki rikice. Ki tsuguna kusa da ita ki tambaye ta ko kewar Mama take yi, ki kira mata ita a waya.

Ke kuma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina dangin mijin ƙanwarki, ina sauran 'yan'uwanku? Masu cewa in da abin yi a faɗa musu, to ki faɗa musu. Wannan ta ɗauki girkin asibiti, wancan ya ɗauki kai yarinya makaranta. Ki zauna da maigidanki ki gode masa, ki ji abin da ke cikin shirun nasa. In kika faɗi, gida biyu ne za su faɗi tare da ke.

Allah ya ba Ɗan Tsako nauyin da ake jira, ya sa a yi aiki a sa'a, ya huce muku gajiya. Ki mayar da allinki kan tebur, ki ajiye gwangwanin maɓallai a inda yake da. Ranar da kika ji ya kife a ƙasa, maɓallai sun watse ko'ina, kada ki ce mata ta tsaya.